Ƙwandala Mai Tunkiya

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin da ke tashi daga garinmu zuwa Yantai a shekarun baya ya san Chi Yuezhen, ko da bai san sunanta ba. Ita ce kwandastar nan doguwa mai jakar fata a wuya, wadda ba ta dariya, ba ta kuma cin canjin kowa. Ni facalarta ce. Ta auri Luan Deshan, ni na auri ƙanensa Dehai, don haka Saozi nake kiranta, kamar yadda ake kiran matar babban wa. A safiyar sabuwar shekarar da zan ba ku labari, ana tsakiyar cin abinci ta miƙe ta sa rigar sanyinta, ta ce ta gama da gidan Luan. Amma bari in faro muku daga tunkiyar.

Laifin Yuezhen ɗaya ne a duniya: a shekarar tunkiya aka haife ta. A ƙasarmu kowace shekara da dabbarta, goma sha biyu ne suke zagayowa, kuma kun dai san tsofaffinmu. A wurinsu macen da ta faɗo a shekarar tunkiya farar ƙafa gare ta, mijinta ba ya tsufa. Ni ban taɓa ganin tunkiyar da ta kashe kowa ba, amma je ka faɗa wa surukarmu haka. Ma, haka muke kiranta, damisa ce, kuma ba a shekarar haihuwa kaɗai ba. Ta yi iya yinta ta hana auren, Deshan ya kafe. Shi doki ne, masunci, in ya sa kansa gaba ba ya waiwaye.

Sai ga shi ciwon hanta ya kwantar da shi, ya tafi ya bar 'yarsu Xiuyan tana ƙarama. Ranar makoki gida cike, Yuezhen na durƙushe cikin farin kaya, Ma ta ɗaga murya yadda har na bakin ƙofa sai da suka ji: "Na faɗa muku! Na faɗa, ba wanda ya ji ni!" Wayyo, ranar ji na yi kamar in nutse. Yuezhen ko ɗago kai ba ta yi ba. Kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma gidan iyayenta, amma ta zauna, saboda Deshan ya roƙe ta kada ta bar Ma ita kaɗai. Ta nemi aikin kwandasta, take ciyar da bakin da ya tozarta ta.

A cikin bas ɗin nan abin ya same ta. Wata rana tana zube kuɗin mota a cinyarta sai ta ga wata ƙwandala ruwan tagulla a cikin farare. Ta miƙa wa direba, tsoho Sui, ya duba da ido ɗaya ya ce, "An yi miki sakiyar da ba ruwa, 'yar'uwa. Wannan ta wasan yara ce." Ta juya ta, ta ga yuwan ɗaya ce sak, da sunan bankin ƙasa da komai. Ta sake juyawa, sai ga tunkiya.

Da yamma ta biyo ta gidana ko rigar aiki ba ta cire ba. "Cuiping, duba nan."

"Kuɗi ne. To sai me?"

"Duba da kyau mana."

"Tunkiya ce."

"A jikin kuɗi," in ji ta. "Ashe ita ma ana buga ta a jikin kuɗi. Ana sayen abinci da ita, ba mai mayar da ita."

Na buɗe baki zan yi mata tsiya, sai na ga idonta, na haɗiye. Ta sa tata yuwan ɗin a jakar aiki, ta riƙe mai tunkiyar.

Daga nan fa aka shiga uku. Ta ji cewa kowace shekara za a fitar da ƙwandala mai dabbar shekarar, har sai an cika goma sha biyu. Mace mai aikin asuba, amma ranar da za a fitar da sabuwa sai ta nemi hutu, ta je ta bi layi a ƙofar banki cikin dusar ƙanƙara, ita da 'yan fansho. Ta gano tsofaffin nan da ke baza tsoffin kuɗi da kan sarki a bayan gidan waya ranar Lahadi. Su suka koya mata ƙa'idar abin: ba a kama ƙwandala ta fuska, sai ta gefe. Ba a hura mata numfashi. Uwa uba, ba a wanke ta, ko da ta yi baƙi, don baƙin nan shi ne shekarunta, in ka goge ka kashe ta. Ta sayo farar safar hannu da 'yan robobi masu murfi, kowace ƙwandala da ɗakinta. Ta sa kafinta ya yi mata akwati mai murfin gilas, da ramuka goma sha biyu a zagaye.

Ni kuwa tsiya nake mata. "Saozi, yau an shayar da dabbobin?" Sai ta ce, "Zakaranki ne ya fi damuna da cara." Ni zakara ce, kun ji dalili. Amma ku ji abin kunya: yau ko gishiri na saya sai na juya canjin na duba bayansa. Haka ta shafa wa tsoho Sui, da mai sayar da tofu, wato awara, da rabin layinmu. Abin kamar mura yake.

Tunkiyar ita ce ta farko da aka buga, ita ce kuma ta fi wuyar samu. Tsofaffin bayan gidan waya sun sha taya ta, Yuezhen ta ce ba ta sayarwa ba ce. Ma kuwa ta tsani akwatin nan. Yana kan kabad ɗin falo, kusa da hoton Deshan, kuma duk lokacin da ta gifta sai ta yi tsaki. "Mai ƙafa biyu ba ta ishe mu ba, sai an kawo mana ta ƙarfe." Duk jajibirin sabuwar shekara sai ta jefa masa jan ƙyalle ta rufe, wai kada sa'a ta shigo ta gani ta juya.

Doki ne ya zo ƙarshe, dabbar Deshan. Da yake ramukan a zagaye suke, sai na ƙarshe ya faɗo daidai gefen na farko. Ranar da ta sa shi ta kira ni na gani. "Kin gan su?" ta ce. "Gefe da gefe."

Kafin nan abubuwa sun canza. An sa wa bas na'urar kati, aka sallami kwandastoci. Ma ta zame a bayi ta karya ƙugu, Yuezhen ce mai yi mata wanka, mai juya ta, mai yanke mata farce. Xiuyan ta yi aure a Qingdao, tana da ɗaki guda a share, kullum a waya kuka take: "Mama, ki taho mana, wa kike yi wa bauta?" Sannan ga shekarar tunkiya ta zagayo, shekarar Yuezhen kanta, wadda ake cewa mutum ya yi kaffa-kaffa a cikinta. Ana saura 'yan kwanaki muna wanke kabeji ta ce mini, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Cuiping, na gaji. In ta sake jefa mini tunkiya a fuska bana, zan bi Xiuyan." Na san da gaske take, don Yuezhen ba ta faɗin magana sau biyu. Xiuyan kuma za ta zo da mota rana ta biyu ga sabuwar shekara, ranar da 'ya'ya mata ke gaida iyayensu.

Ranar jajibiri da la'asar muka zauna a gidan Ma naɗin jiaozi, 'yan ƙunshin fulawar nan masu nama a ciki da ake dafawa a ruwa. Yuezhen ta kwaɓa fulawa, Dehai na murzawa, ni na yi haɗin nama da kabeji. Aikina ne kowace shekara in tafasa 'yan ƙananan kuɗin da ake ɓoyewa a ciki, don wanda ya tauno ya tauno sa'ar shekara. Muna cikin haka Ma ta ce ruwan tsami ya ƙare, Yuezhen ta je shago. Ga kwalba cike a gabanmu, amma wa zai yi musu da damisa? Yuezhen na fita, Ma ta ja sandarta ta shige falo, daga nan ta wuce kicin ta turo ƙofa. Na ji ƙarar kankara, ƙurr, ƙurr. Na ce a raina tsohuwa ta samu tukunyar da za ta huce a kai.

Da ta fito sai ta ce, "Ba ni ɓawo ɗaya." Ma da ta yi shekaru ba ta naɗa ko ɗaya ba, yatsunta duk sun kanannaɗe da sanyin ƙashi. Ta juya mana baya tana ta fama, har gumi ya tsatso mata. Abin da ta ajiye a kan faifai ƙato ne, karkatacce, bakinsa a murɗe.

"Ma, wannan jiaozi ne ko takalmin jariri?" na ce.

"Ke dai bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba ta je ba."

Yuezhen ta dawo da ruwan tsami, ta zauna. Jan ƙyallen ya riga ya hau kan akwati. Ma ta dube ta ta ce, "Gobe shekarar tunkiya. Sai a yi hattara." Na ga hannun Yuezhen ya tsaya cak a kan fulawa, sannan ya ci gaba. Kafin duhu Ma ta azalzali Dehai ya fitar da shara, tunda gobe ba a fitarwa.

Gari ya waye da ƙarar nokawut ko'ina. Na ɗora ruwa a wuta, Yuezhen ta shiga falo kunna wa Deshan turare a gaban hotonsa. Can na ji ta ce, "Cuiping." Muryar ce ta sa na saki ludayi.

Tana tsaye, ta ɗaga gefen jan ƙyallen. Ramin da ke gefen doki wayam.

Ku tuna wace rana ce. Ranar farko ba a faɗa, ba a kuka, ba a share ƙasa, ba a jan aljihun kabad, ba a furta cewa wani abu ya ɓace. Abin da ka yi yau shi za ka yi ta yi har shekara ta ƙare. Muka tsaya muna raɗa kamar ɓarayi.

"Wataƙila ta gangara ne," na ce.

Ta buɗe tafin hannunta. 'Yar robar ce, a buɗe, ba komai a ciki. "Ƙwandala ba ta buɗe wa kanta murfi."

"Ko Dehai ne ya ɗauka ya duba?"

"Mijinki ko ƙafarsa bai iya nemowa ba sai kin nuna masa. Kin san wadda ta aike ni shago. Kin san wadda ta matsa a fitar da shara."

"Haba Saozi, ki bari a ci abinci tukuna."

"Shekarata ce ta shigo," ta ce. "Ma ba ta son ta tarar da tumaki biyu a gidan. Ta fitar da ɗaya. To na ji."

Na koma kicin na zuba jiaozi a tafasasshen ruwa, ina ta zagin tsohuwar a zuci. Na rantse, a ranar, da a ce Ma tsarata ce da mun daku.

Muka yi wa Ma gaisuwar shekara, Yuezhen ta rusuna kamar kowa, fuskarta kamar an shafe da siminti. Na tsamo jiaozi da matsami na cika faranti biyu, tururi ya turnuƙe teburin. Ma ta sa tsinkayen cin abincinta tana ta tone faranti, har ta kamo karkataccen nan nata. Sau biyu yana suɓuce mata. Ta kai shi kwanon Yuezhen ta ajiye.

Yuezhen ko kallonsa ba ta yi ba.

Dehai kuwa bai san wainar da ake toyawa ba, ci yake kamar gara. Can ya yi ihu, "Na samu! Na samu! Bana ni ne mai kuɗi!" Ya tofo 'yar ƙwandala a tebur yana washe baki. Ba wanda ya taya shi. Ya dube ni, na watsa masa harara, ya yi wuƙi-wuƙi.

"Ma," in ji Yuezhen, murya ƙasa-ƙasa. "Ina tunkiyata?"

"Ci abincinki."

"Tambaya na yi, Ma."

"Ni kuma na ce ki ci. Yana hucewa."

"A shara take, ko a kwata?"

"Kai, Saozi!" in ji Dehai. "Yau fa ranar farko ce."

"Na san ranar da ake ciki." Ta ajiye tsinkayenta a hankali, ta miƙe, ta ɗauko rigar sanyinta daga jikin ƙusa ta zura. Ta fara sa maɓallai ɗaya bayan ɗaya. "Zan je tasha. Ba sai Xiuyan ta wahala gobe ba. Cuiping, maganinta na safe yana cikin shuɗin kofi. Ba ta son ruwan wanka ya yi zafi sosai. Na gama da gidan Luan."

Dehai, don ya kashe maganar ko don haɗama, oho, ya miƙa hannu kwanonta yana cewa, "To in ba za ki ci ba..." Ji kake ƙwas! Ma ta sauke masa tsinkaye a kan yatsu. "Ba naka ba ne, biri!" Shi ɗin biri ne kuwa, ta kowace fuska.

A nan ne abin ya faɗo mini. Ƙarar kankarar jiya. Bayan da ta juya mana. Girman abin nan da ya fi na kowa. Na dubi kwanon, na dubi Ma, na buɗe baki. Ta zuba mini wani irin ido da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ba harara ba ce, roƙo ne. In aka faɗa wa mutum inda ƙwandala take, sa'ar ta tashi a banza, kowa ya san wannan. Ga shi ban ma tabbata ba. In na faɗa ya zama ba haka ba, na ƙara wa wuta fetur. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar sai ga ni da magana cike da baki ba halin fitarwa.

Na tashi na cafke hannun rigarta. "Saozi, ɗaya tak. Ci ɗaya, ni da kaina zan raka ki tasha."

"Sake ni."

"Ba a fita da ciki wayam yau. Ɗayan nan da ke kwanonki kawai."

"Na ce ki sake ni, Cuiping!" Ta juya ga Ma. Idonta ya kaɗa ya yi ja, amma ko ɗigo bai zubo ba. "Kin ce ni na kashe shi, na yi shiru. Na ciyar da ke, na ɗauke ki, na zubar da fo ɗinki, ban taɓa neman ki ce sannu ba. Abu ɗaya na ajiye a gidan nan da yake nawa. Ɗan ƙarfe ne, Ma. Me ya tsare miki?"

Daga nesa nokawut na ta tashi. Na ce shi ke nan, yanzu damisa za ta yi tsalle, komai ya ƙare.

"Kin gama?" ta ce. Sai muryar ta karye. "Ki ci, 'yar nan. Hannuna ya yi ciwo kafin na naɗe shi."

Tunda na shigo gidan Luan ban taɓa jin ta kira ta da wani abu ba sai "ke". Yuezhen ta tsaya, hannunta a kan maɓallin ƙarshe. Ina riƙe da rigarta. Sai ta fizge, ta sa hannu tsirara ta ɗauki abin daga kwano, a tsaye, ta gartsa masa cizo da dukan haushin da ke cikinta.

Ƙas!

Ta dafe baki. Ta tofo a tafin hannu: nama, kabeji, ɗan ɓantaren haƙori, da ƙwandala tana ƙyalli kamar sabon cokali. Ta share ta da babban yatsa. Tunkiyar ce. Duk baƙin shekarun nan ya tafi, fuskarta ta sha zane ta ko'ina.

Ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, abin da ya fito shi ne, "Da me kika wanke ta?"

"Soson ƙarfe," in ji Ma. "Da toka. Ta yi dauɗa, in sa miki ita a abinci haka?"

"Soson ƙarfe, Ma?"

"To da me? Ke kin ajiye ta shekara da shekaru ko ruwa ba ki taɓa nuna mata ba."

Wani sauti ya ƙwace wa Yuezhen, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ma ta ɗauke kai tana kallon taga, ta ci gaba da magana kamar da gilashin take yi. "Shekararki ce, dole ki tauno sa'a. Na duba dabbobin nan naki duka. Dokin ya tafi ya bar ni. Biri da zakara sai ranar hutu, su ci su goge baki." Ni da Dehai muka sunkuyar da kai. "Ita ce ta zauna. Wace zan sa in ba ita ba?"

Hawaye suka ɓalle wa Yuezhen.

"Kul!" in ji Ma, tana goge nata idon da bayan hannu. "Ba a kuka yau."

"Tururi ne, Ma."

"To zauna ki ci, kafin birin nan ya cinye."

Ta ɓalle maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da rigar jikin ƙusa. Ta zauna, ta ɗauki jiaozi guda ta raba biyu ta hura, ta sa a kwanon Ma.

Washegari Xiuyan ta zo da motarta, ta koma ita kaɗai, da kabeji da busasshen kifi a kujerar baya. Ranar Lahadi Yuezhen ta kai wa tsofaffin bayan gidan waya tunkiyar su gani. Ɗaya ya dafe kai ya ce wane mara imani ne ya yi wannan aika-aika, yanzu yuwan ɗaya ce kawai kamar kowace. Wani ya ji tausayinta ya ce zai nemo mata wata mai lafiya. Ta yi masa godiya, ta ce a bar shi. Har da murmushi, ɓantararren haƙorin a waje, kuma har yau ta ƙi zuwa a gyara shi.

Akwatin yana nan kan kabad, ba a ƙara rufe shi da jan ƙyalle ba. Tunkiyar na raminta a gefen doki, ba roba, da zanen soson ƙarfe a fuska. Duk sauran sai Yuezhen ta sa safar hannu take taɓa su. Wannan kaɗai take ɗauka da hannunta.